Wasiƙa zuwa ga Edita: To ina dokar ta ce su je su yi ibadar tasu?

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridar nan taku in amayar da abin da ya tokare min ƙirji kusan shekara guda kenan. Na san wasu daga ganin kalmar coci za su wuce, wasu ma su fara zagi tun kafin su karanta, to ni dai roƙona a daure a kai ƙarshe tukunna. Ni Musulmi ne haifaffen cikin garin Kano, sana'ata zanen fulan ɗin gini, shekara ashirin da huɗu da ita nake cin abinci, na zana gidaje da shaguna da makarantu, masallatai kuwa ban san adadinsu ba kuma yawancinsu ko sisi ban karɓa ba.

A layinmu, can gefen gari inda na koma da iyalina, akwai wani dattijo da muke maƙwabtaka shekara goma sha tara, Baba muke ce masa. Bahaushe ne ɗan asalin jihar nan, daga wani ƙauye ta wajen Sumaila, Kirista ne kuma iyayensa ma haka. Hausarsa ta fi ta 'ya'yana, in yana magana sai ka ji karin maganar da rabonka da ita tun wajen kakanninka. Ranar da mahaifina ya rasu shi ya fito da tabarmi da benci daga gidansa, kwana uku yana zaune da mu a rumfa, in mun tashi sallah shi ke tsare mana takalma da butoci. Su Kiristocin wajen gida ashirin ne a unguwar da kewayenta, akwai masu gadi, akwai kafinta, akwai malamar asibiti guda biyu, akwai 'yan fansho. Duk ranar Lahadi suna taruwa a wani gida da suka haɗa kuɗi suka saya a ƙarshen layi, suka rushe bangon da ke tsakanin falo da ɗaki ɗaya suka jera benci. Na taɓa shiga, shi Baban ne ya kira ni in duba musu wani tsagu a bango bayan damina. Benci goma sha biyu ne na katako, da ɗan teburi an shimfiɗa masa farin ƙyalle, da littattafan waƙoƙinsu na Hausa duk bangon ya yage an ɗaure da salatif, sai tukwanen ƙasa guda uku a lungu waɗanda matan zumunta ke bugawa in suna waƙa. Shi kenan abin da ke ciki.

Ba zan ɓoye komai ba, matsala ta faru kuma laifin farko nasu ne. Wani matashin fasto da aka turo musu ya zo da lasifika guda biyu ya kafa a kan katanga, ya fara addu'ar dare duk ƙarshen wata tun daga sha ɗaya har wajen uku, ga janareta na ruri, ga baƙi masu motoci suna fakin a layin da faɗinsa bai wuce mota ɗaya da adaidaita ba. Akwai daren da matar wani maƙwabcinmu ta tashi da naƙuda, sai da aka yi ta bugun ƙofa ana neman mai motar da ya tare hanya. Ni da kaina ina cikin mutum biyar ɗin da suka je wajen mai unguwa kai ƙara, kuma ko yau aka sake haka zan sake zuwa. Mai unguwa ya kira su, Baba ne ya zo da dattawansu biyu, ko musu bai yi ba, ya ce a yi haƙuri yaro ne bai san garin ba. Kafin sati ya zagayo an sauke lasifikar, addu'ar dare ta koma yamma, motoci suka koma bakin titi. Mu a wajenmu magana ta mutu.

Ashe wasu ba ƙarar ce damuwarsu ba. Bayan kamar wata biyu muka wayi gari da jan fenti a bangon gidan, sai kuma ga sammaci, wasu mutum uku sun kai ƙara kotu cewa takardar filin ta gidan zama ce ba ta wurin ibada ba, don haka a hana taron. Kotu ta ce a dakata da taruwa har a gama shari'a. Yau wata goma sha ɗaya kenan, an ɗage zama ya kai sau shida, yau lauyan wannan bai zo ba, gobe alƙali ya tafi taro, jibi hutun kotu.

To a nan ne sana'ata ta hana ni yin shiru, saboda na san takardar nan ciki da bai. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kai abin da ake ba ka izinin zama ne na wasu shekaru, kuma a jikin takardar ana rubuta abin da aka ba ka filin ka yi da shi, gidan zama ne ko kasuwanci ko masana'anta ko makaranta ko wurin ibada. In kana son canjawa sai ka nemi izinin canjin manufa, ka kai sabon fulan a duba. Saboda haka a kan takarda masu ƙarar nan suna da hujja, ban musa ba. Kuma dokar tsara gari ba abin wasa ba ce, ni na fi kowa sanin amfaninta, duk wanda ya ga yadda ruwa ke cin unguwannin awon igiya da damina saboda an gine hanyar ruwa ba a bar ko wurin kwalbati ba, ya san dalilin da ya sa ake cewa kar kowa ya yi abin da ya ga dama.

Amma Malam Edita zo mu taka layin nan namu da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe. Gida na biyu an mayar da garejinsa masallacin hamsu salawati, a nan nake sallah kullum, kuma ni na zana musu ɗan gyaran da aka yi. Gida na biyar Islamiyya ce, yara sun fi ɗari da yamma, 'ya'yana uku a can suka yi sauka. Gaba kaɗan akwai gidan fiya wata da motocinsa da suka farfasa mana kwalbati, akwai kemis, akwai injin markaɗe da ke tashi tun asuba, a bayanmu kuma an mayar da wani gida wurin biki, duk Asabar da Lahadi kiɗa har sha biyun dare. Wallahi duk waɗannan da na lissafa takardarsu iri ɗaya ce da ta gidan su Baba, gidan zama aka rubuta. Babu wanda aka shafa wa jan fenti, babu wanda aka kai kotu, kuma ni ba na so a kai su, masallacin nan da Islamiyyar nan rahama ce a gare mu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne doka ɗaya ta yi barci a kan gida goma ta farka a kan gida ɗaya, kuma kowa a layin ya san dalili ko da ba a faɗa da baki.

Da na yi wannan maganar a majalisarmu wani abokina ya ce ai suna da Sabon Gari, su tafi can mana. Wannan maganar na sha jin ta, kuma tana da tarihi. A 1900 Turawan mishan Bishop Tugwell da Dakta Miller sun zo Kano, Sarki Alu bai karɓe su ba suka juya, daga baya Miller ya zauna a Zariya. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi wa sarakuna alƙawarin ba za su taɓa addini ba, su da kansu suka riƙa taka wa 'yan mishan burki a ƙasashen sarakunan Musulmi, sannan wajen 1913 suka yanka Sabon Gari a wajen ganuwa don ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Wato tsarin raba gari kashi-kashi na Bature ne, ya yi shi don sauƙin mulkinsa a lokacin da Kano ba ta wuce cikin badala da Fagge da Nasarawa ba. Yau fa? Gari ya kai Mariri, ya kai Panshekara, ya wuce Rijiyar Zaki, ya wuce Dakata, Sabon Garin kuma tana nan yadda aka yanka ta, kasuwa ma sai cinye gidajenta take ana mayar da su shaguna da sito, kuɗin fuloti ɗaya a can ko su Baba sun sayar da duk abin da suka mallaka ba za su haɗa shi ba. Sannan Sabon Gari an yi ta ne don baƙi, shi kuwa Baba baƙon wa? Kakanninsa a ƙasar Kano aka binne su. Matarsa na fama da ciwon gwiwa, kafin ta kai cocin da ake wa'azi da Hausa a can sai ta hau adaidaita biyu zuwa biyu dawowa, da kuɗin mota na yanzu, daga fanshon da bai isa buhun masara ba.

Kuma mu Kanawa ya kamata a ce mun fi kowa tsoron barin irin wannan magana a hannun 'yan layi. Ina yaro aka yi rikicin Fagge na watan Oktoban 1982, asalinsa maganar sake gina cocin Angilikan ne kusa da masallaci, aka ƙona coci-coci. Na 1991 kuwa lokacin zuwan Bonnke, Bajamushen nan mai wa'azin Kirista, da wayona sarai, na ga hayaƙi da idona, na ga mutane suna gudu da kaya a ka zuwa bariki, kuma kasuwar garin nan ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Duk abin da hukuma ba ta yanke shi a rubuce ba, wata rana wasu ne za su yanke shi da hannunsu, kuma in wuta ta tashi ba ta tambayar gidan wa ta fara ci.

Ba mu kaɗai ke da wannan rigimar ba, har Amurka sun sha ta, kuma yadda ta ƙare a can ne ya sa na ƙara tsayawa a kan ra'ayina. A wani ƙaramin gari mai suna Boerne a jihar Teksas, cocin Katolika ta yi wa masu ibada kaɗan suka nemi izinin faɗaɗawa, hukumar garin ta hana wai ginin yana cikin unguwar tarihi. Shari'a ta kai har kotun ƙoli, a 1997 ɓangaren coci ya faɗi. Wannan ne ya sa majalisarsu ta zauna ta yi wata doka a shekarar 2000, Bill Clinton ya sa hannu, suna kiranta RLUIPA. Abu biyu ne ƙashin bayanta, na farko hukumar gari ba za ta ɗora wa wurin ibada nauyi mai tsanani da dokar fili ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, na biyu ba za a yarda da gidan rawa ko zauren taro a unguwa sannan a hana wurin ibada ba, kuma ba za a bambanta wannan addini da wancan ba. To ka san wa ya zo ya ci moriyar dokar da aka yi saboda kukan coci? 'Yan uwanmu Musulmi. A Basking Ridge ta jihar New Jersey Musulmi sun sayi fili za su gina masallaci, aka yi ta jan su zama 39 cikin kusan shekara huɗu, aka ce sai sun tanadi wurin fakin mota 107 alhali da coci ce mai girman haka 50 za a nema, ƙarshe a 2015 aka hana su. Suka tafi kotu da wannan dokar, alƙali ya ce an nuna musu bambanci, a 2017 garin ya yarda zai biya su dala miliyan 3.25 kuma a bar su su yi gininsu. Haka a Murfreesboro ta jihar Tennessee, da dokar nan aka buɗe masallacinsu a 2012 bayan maƙwabta sun yi ta kai ƙara. Ranar da na karanta labarin mota 107 ɗin nan raina ya ɓaci sosai don na san zalunci ne aka lulluɓe da takarda, to in na ƙi shi a can da wane baki zan yarda da irinsa a ƙarshen layinmu? Mun yi Allah wadai da Suwizalan ta kaɗa ƙuri'ar hana gina hasumiyar masallaci a 2009, kuma mun yi daidai. 'Yan uwanmu da ke fatauci a wasu garuruwan kudu sun daɗe suna kukan wahalar samun filin masallaci da maƙabarta, kamar yadda Kiristocin arewa suka daɗe suna kukan takardar filin coci. Kukan iri ɗaya ne, kowa dai nasa yake ji.

Wani ya ba da shawara a majalisar tamu wai a riƙa tambayar mutanen unguwa, in sun sa hannu a bari in ba su sa ba a hana. Da farko ta yi min daɗin ji, amma Indunusiya sun gwada, dokarsu ta 2006 ta ce sai ka kawo sunan masu ibada 90 da sa hannun maƙwabta 60. Abin da ya biyo baya shi ne duk inda kake 'yan tsiraru ka shiga uku, Kirista a yankin Musulmi, Musulmi a yankin Kirista. Akwai wata coci a garin Bogor da ta ci shari'a a kotun ƙolinsu a 2010 amma ƙofarta na garƙame, sai 2023 aka buɗe musu wata a wani filin daban. A layinmu ma na san mutanen da a zuciyarsu ba su da matsala da su Baba amma ba za su taɓa sa hannu ba don kar a nuna su da yatsa a masallaci. Maƙwabci yana da haƙƙin ya yi ƙorafi a kan ƙara da tare hanya da shara, wannan dole a saurare shi, amma ba shi zai yanke wa wani hukuncin ko zai bauta wa Ubangijinsa ko a'a ba. In maganar ƙara ce a yi irin na Legas, a 2016 sun rufe coci 70 da masallaci 20 saboda lasifika, kowa aka taɓa, ba wanda zai ce don shi aka yi.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wani duhu ba, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addininsa shi kaɗai ko cikin jama'a, na 42 ya hana a bambanta ɗan ƙasa saboda addini ko ƙabila, na 43 ya ce kana iya mallakar fili ko gida a ko'ina a Najeriya. Kuma tun 2003 kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya cewa tsara birane hurumin jiha ne, wato gyaran nan ba sai an jira Abuja ba, majalisar dokokinmu ta nan Kano za ta iya. Ta ɓangaren addini kuwa malamai na nan su suka fi cancanta su yi bayani, amma ayar nan ta 40 a Suratul Hajji da muke karantawa ta ambaci wuraren ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai a cikin abin da Allah ke karewa daga rushewa, kuma tun muna makarantar allo ake ba mu labarin Sayyadina Umar da ya ƙi yin sallah a cikin cocin Ƙudus don kar Musulmin baya su ƙwace ta su ce nan Umar ya yi sallah. Haƙƙin maƙwabci kuma ba a ce sai maƙwabci Musulmi ba.

Abin da nake roƙon gwamnati da 'yan majalisarmu ba wai a bar kowa ya kafa coci ko masallaci a duk falon da ya ga dama ba ne. A rubuta sharuɗɗa a manna a bango kowa ya gani, girman filin da ake buƙata gwargwadon yawan mutane, faɗin hanya, wurin fakin, banɗaki, ƙofar fita in gobara ta tashi, tazara tsakanin wurin ibada da wani, lasifika ta tsaya a ciki in dare ya yi, kuma sharaɗin ya hau kan kowa daidai. Wanda ya nema a ba shi amsa cikin wata uku, in an hana a rubuta masa dalili a takarda yadda zai iya gyarawa ko ya ɗaukaka ƙara, don shirun nan da ba a ce e ba ba a ce a'a ba shi ke sa mutane su sayi gida a ɓoye su ce na zama ne. Ƙananan wuraren da suka riga suka daɗe, namu da nasu, a ba su wa'adi su zo a daidaita musu takarda. Sannan duk sabon layi da za a yanka a duba su waye ke zaune a yankin, in akwai Kiristoci a ware musu fuloti kamar yadda ake ware na masallaci da makaranta da maƙabarta. A shekara ashirin da huɗun nan taswirar layi da yawa ta bi ta hannuna, ta gefen garin nan ban taɓa riƙe wadda aka ware fulotin coci a cikinta ba, to in ba a ware ba kuma an hana canjawa, ina ake so su je?

Zaman kotun da ya wuce na je, ba wanda ya gayyace ni, na zauna a bencin baya. Ko minti goma ba a yi ba aka sake ɗagewa zuwa bayan sallah. Da muka fito Baba ya tsaya a bakin titi riƙe da fayil ɗinsa a cikin leda saboda hadari ya haɗo, na tare mana adaidaita muka hau tare. A hanya na tambaye shi yanzu ya suke yi ranar Lahadi, ya ce masu ƙarfi suna tafiya Sabon Gari, tsofaffin kuma su bakwai suna zama a falonsa su yi karatu su yi addu'a a hankali, ba sa buga tukunya kar a ce sun karya umarnin kotu. Ya ce min tsagun nan da na duba musu ya ƙara buɗewa, yana tsoron damina ta kayar da bangon kafin a gama shari'a, ko zan iya zuwa in sake gani. Na ce masa in sha Allahu ranar Asabar bayan la'asar zan shigo da magini.

Naka mai karatu a kullum,
Wani mai zanen gine-gine, daga birnin Kano.